Katin Asibitin Goggo Kaltumi

Gembu, Jihar Taraba
Farkon Yuli

Ƙanwata Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sagiru da yara. Ya gwiwar Umma? Ki ce mata yajin da ta aiko ya iso, abokan aikina sun fi ni cin moriyarsa. Ni lafiya ƙalau, sai ruwa da sanyi. Tun da damina ta kama a kan dutsen nan ban ga inuwata ba. Waya kuwa in an kira, magana rabi take isa, shi ya sa na koma irin ta da. Zan riƙa rubutawa a takarda in ɗauki hotonta in turo, ranar da ya ga dama ya iso.

Ƙanena Mujahid ya shaida mini Goggo Kaltumi ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, aka auna aka ce jininta ne ya hau. Sai da aka kwana biyu sannan na ji, wai ita ta hana a faɗa mini. Ban yi mamaki ba, kuma wannan ne ya sa na kawo maganar wajenki. Ita ta haife ni, amma da aka yaye ni gidan Kawu, mahaifinki, aka kai ni, na tashi ina ce mata Goggo yadda kuke ce mata. Ita kuma har yau ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce «na wajen Yaya». In na kira waya, autarmu Munira take miƙa wa. Kunyar ɗan fari ce, ban ce ta yi laifi ba. Amma maganar lafiya ba a yin ta ta bayan labule.

An sanar da mu a ofis cewa ma'aikaci zai iya ƙara uwa ko uba a kan katinsa na inshorar lafiya ta tarayya, in ya yarda a ɗan ƙara abin da ake cire masa. Tun kafin a gama karanta sanarwar na yarda. So nake a zaɓa mata babban asibiti a Dutse, inda akwai likitoci da kayan gwaji, duk wata ta baro ƙauye ta zo a duba ta, ta kwana wajenki a Limawa. In ma za ta yarda ta tare gaba ɗaya, na fi so.

Ni ba zan iya faɗa mata ba, ita ba za ta iya amsa mini ba. Sai ke, mai bakin da ba ya zuwa hutu. Ki daure ki je ki same ta.

Yayanki,
Sale


Limawa, Dutse
Tsakiyar Yuli

Yaya Sale, bawan gidanmu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso a karkace, sai da na yi ta juya wayar kafin in gane inda ta fara. Muna nan lafiya. Gwiwar Umma da sauƙi, har ta koma sallah a tsaye. Malam Sagiru yana gaishe ka, ya ce in ka tashi zuwa kada ka manta da ganyen shayi.

Tun yaushe ɗan goggo ya fara aiken 'yar kawu? Duniya ta juya. Na je dai, amma don Goggo na je, kada ka ɗauka don kai ne.

Kafin in tafi ƙauye sai da na biya ofishin da ke kula da taimakekeniyar lafiya ta jiha, don na san halinka, in ka ga ƙofa ɗaya a buɗe ba ka duba ko akwai wata. Wata mata mai haƙuri ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ashe hanya uku ce. Akwai taka, wadda ta fi kowacce faɗi, har manyan gwaje-gwaje tana ɗauka. Akwai ta tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, ita kyauta ce, a asibitin mazaɓar mutum, sai dai gurbin ba shi da yawa kuma sai an tantance. Akwai kuma wadda mutum zai biya sau ɗaya a shekara, a ba shi kati, ya zaɓi ƙaramin asibitin da ya fi kusa da shi. In ciwo ya fi ƙarfinsu su rubuta masa takarda zuwa babba.

Na samu Goggo a bayan gida tana yankar wa awaki ciyawa, matar da aka ce ta kwanta ta huta. Na karɓe laujen da ƙyar. Ta ɗan rame, amma bakin yana nan. Da na zo kan ta kyauta, ko ƙarasawa ba ta bar ni na yi ba.

«Ni da nake da awaki da gona da 'ya'ya,» in ji ta, «in je in tare wa wadda ba ta da kowa layi? Ki je ki faɗa wa Iya Dudu ta bayan masallaci, ita ce ba ta da mai saya mata ko ƙwayar ciwon kai.»

Sai na kawo taka. Ta sunkuyar da kai tana tsinke ciyawa.

«Na wajen Yaya ne ya ce haka?»

Na ce shi ne.

«To. Abin da ya yanke.»

Ka san ba za ta ƙara ko kalma a kai ba. Amma na ga ta ji daɗi, don da na tashi tafiya ta cika mini ƙwarya da ƙwan zabi, wanda ko Mujahid ba ta bari ya taɓa. Maganar tarewa a Limawa kuwa ka cire ta daga ranka. Ta shuka riɗi, kuma akuyarta ja tana da ciki, ko gwamna ya aiko mota ba za ta shiga ba. Zuwa duk wata dai ta amince. Na ce kafin a sa hannu zan kawo ta ta ga asibitin da idonta, likita ya ƙara duba ta.

Iya Dudu ma na kai sunanta wajen mai unguwa. Ka ga aiken naka ya haifi lada, amma ni zan kwashe.

Uwar ɗakinka,
Zaituna


Limawa, Dutse
Agusta

Yaya Sale,

Salamu alaikum. Kowa lafiya, ina fatan kai ma haka. A gurguje nake rubutu, matar ƙanen Malam Sagiru ta haihu kuma a gidanmu za a yi girkin suna.

Na kawo Goggo. Likita ya duba ta da kyau, ya canza mata magani, ya ce ta rage gishiri da kanwa. Ta ce masa to, a irin «to» ɗin da take yi wa masu wa'azin kasuwa. Jinin ya sauka sosai, wannan ka kwantar da hankalinka.

Sai dai ga wani abu. Da muka gama na bar ta a kan benci na tafi karɓo magani, layin da tsawo, na daɗe. Da na dawo na same ta shiru. A cikin adaidaita shiru, a gida shiru, tuwon ma kaɗan ta taɓa. Da safe ta ɗaure ƙunshinta ta ce, «Ki faɗa masa a bar maganar katin nan nasa. Ba na so.» Na tambayi dalili, ta ce a bar shi dai. Na raka ta tashar Kiyawa ta tafi.

Ga saƙo na isar yadda aka ba ni. Kada ka sa hannu a komai tukuna.

Zaituna


Limawa, Dutse
Satumba

Yaya Sale,

Lafiya kuwa? Wayata ta nuna mini ka buɗe takardata tun tuni. Ko hazon garinku ne ya haɗiye biro? Umma tana tambayarka, na gaji da ce mata hanyar waya ce ba kyau. Goggo lafiyarta ƙalau, tana shan magani. Ka yi magana.

Zaituna


Gembu
Ƙarshen Satumba

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ki ba Umma haƙuri. An tura mu rigakafin shanu a rugagen da ke bayan gari, amma ba zan ɓoye a bayan wannan ba. Na dawo tun tuni. Abin rubutawa ne na rasa.

Na karanta takardarki har na haddace ta. «Katin nan nasa, ba na so.» Ba ta ce asibitin ya yi nisa ba, ba ta ce likitan bai yi mata ba. Nawa ne ba ta so.

Na ji ciwo, Zaituna, gara in faɗa. Mujahid ya sayo magani, ta sha. Munira ta ɗinko zane, ta ɗaura ta tafi biki. Ni in na aika atamfa, sai in zo hutu in gan ta a jikin matar maƙwabci. Ban taɓa magana ba, na ce haka aka yi wa kowane ɗan fari a gidajenmu. Na haura arba'in ban taɓa neman ta kira sunana ba, ban nemi ta zauna hira da ni ba. Abu ɗaya na nema, ta bar ni in tsaya mata a kan lafiyarta. Shi ma an dawo mini da shi.

Wani tunanin kuma ya zo mini, ki yi haƙuri in ban yi daidai ba. Ko dai kwanan da za ta riƙa yi a gidanki ne ya yi nauyi? Gidan ba faɗi, ga yara, ga Malam Sagiru da baƙinsa. In ta ga alamar haka a fuskar wani, na san ta, ba za ta sake zuwa ba. In wannan ne ki faɗa mini kai tsaye, in nemi ɗaki a kusa da asibitin.

Sun ce a ofis in ban miƙa sunanta kafin ƙarshen shekara ba, sai wata shekarar. Takardar tana cikin aljihun tebur, ban cike ba, ban yaga ba.

Sale


Limawa, Dutse
Oktoba

Yaya Sale,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Umma ta ce ta yafe, ni ce dai ban gama yafewa ba.

Wato ni ce zan ɗaure wa ƙanwar ubana fuska a kan tabarma da kwanon tuwo? Da a gabana ka faɗi wannan, da muciya zan bi ka. Malam Sagiru da kake zargi, ranar da ta kwana shi ya kwashe littattafansa daga ɗakin baƙi ya ɗaura mata gidan sauro da hannunsa. Ban nuna masa takardarka ba, don ina son ku ci gaba da gaisawa.

Amma takardar taka ta hana ni sukuni, sai na shirya ranar Asabar na tafi ƙauye. Na tarar an kaɗe riɗi, Goggo tana sheƙewa a tsakar gida. Na ɗauki faifai na zauna kusa da ita. Ban kawo maganarka ba sam. Muka yi ta Iya Dudu, wadda katinta ya fito, muka yi ta akuya ja da ta haifi tagwaye. Can da rana ta yi sanyi, ita da kanta ta ce, «Ya yi fushi ko?»

Na ce, «Bai yi fushi ba, Goggo. Ya ji ciwo.»

Ta ajiye faifan, ta ce:

«Ranar da kika bar ni a kan benci, kin ga tagar nan da ake karɓar katin ma'aikata? A gabanta na zauna. Duk tsohuwar da ta zo, sai yarinyar da ke ciki ta ce, Baba, katin wa kike ci? Sai tsohuwa ta buɗe baki ta faɗi sunan ɗanta, har da na ubansa. In ba a ji ba a ce ta ɗaga murya. In layi ya zo kanta kuma a ƙwala kira, mahaifiyar wane, ta ce na'am a gaban jama'a. Wata da ke kusa da ni na tambaye ta, ke ba kya jin nauyi? Ta ce ai ɗanta na huɗu ne. Na ce to ke da sauƙi.»



«Ga shi na fari,» ta ce, «ga shi sunan surukina aka sa masa, mahaifin maigidana, mutumin da har ya bar duniya ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In tsaya duk wata a tsakiyar maza da mata in kama sunan nan? Zaituna, gara jinin ya yi ta hawa.»

Na ce ai ni zan riƙa faɗa mata. Ta ce ranar da nake aji ina koyar da 'ya'yan mutane fa? Kuma in an kira mahaifiyar wane, ni zan amsa?

Yaya Sale, ni da kai duk mun yi makaranta mun auna asibiti da likita da na'ura, ba wanda ya tuna da taga. Na yi dariya har da hawaye, ita kuma ta ce in na gama in miƙo mata tsintsiya.

Tunda bakinta ya buɗe, na ce bari in ƙarasa. Na tambaye ta atamfofin da kake aikowa. Ta ce, «In na ɗaura, mata za su ce wa ya saya. Me zan ce?» Ta ce ba duka take bayarwa ba, kuma wadda ta ba wa, sai ta zaɓi mai yawan addu'a. Daga nan ta ce na cika surutu, ta tashi alwala.

Da ta idar na sake kawo mata hanya ta uku, wadda ake biya a shekara. Na yi mata gaskiya, na ce ba ta kai taka faɗi ba. A ƙaramin asibitin Kiyawa za a riƙa auna ta ana ba ta magani, in abu ya yi girma sai sun rubuta takarda kafin a karɓe ta a Dutse, kuma akwai gwajin da sai an cika daga aljihu. Duk wannan bai dame ta ba. Tambaya ɗaya ta yi.

«Sunan wa za a kira?»

Na ce, «Naki. Kaltumi.»

«To wannan da dama.»

Ga abin da nake so ka lura da shi. Na faɗa mata biya ake yi, na kuma faɗa sau biyu. Matar da ko gishiri ka sayo mata sai ta tambayi nawa ne kuma wa ya bayar, ba ta tambayi wanda zai biya ba. Ta dai ce in gaishe da masu sanyi.

Shawara tana hannunka. Ni dai ra'ayina ka san shi.

Zaituna


Gembu
Farkon Nuwamba

Ƙanwata Zaituna, uwar ɗakina na yau kaɗai,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ruwa ya ɗauke, har na ga rana. Ki gaishe da Umma. Malam Sagiru kuma ki gaishe shi gaisuwa ta musamman, kada ki faɗa masa dalili. Ganyen shayinsa na sayo, na ninka.

A ofis na karanta takardarki. Da na zo wajen «ke da sauƙi» na yi dariyar da ta sa masinja ya leƙo. Bayan ya fita kuma sai na shiga tunani. Sau nawa na tsaya a irin tagar nan da katin matata da na yara, ina faɗar sunana da ƙarfi, ko sau ɗaya ban taɓa kawo Goggo a wurin ba. Na yi ta hango ta a gaban likita, ban hango ta a layi ba.

Ba zan ce raina bai so babban asibitin ba, har yanzu yana so. Amma na san ta. In aka matsa za ta ce to, ta je sau ɗaya, daga nan kullum akuya ce ba lafiya ko an yi rasuwa a maƙwabta. Wanda za ta riƙa zuwa da ƙafarta shi nake so. A yi na Kiyawa.

Sai dai ki bincika mini abu biyu kafin a yi. Maganin da likitan Dutse ya rubuta mata, suna da shi a can kullum, ko sai an yi sa'a? Kuma in abu ya taso ba shiri, wa zai rubuta takardar, kuma ina za a nufa da ita, Dutse ko Jahun? Ki sa Mujahid ya san amsar shi ma, tunda shi ne mai babur a kusa.

Abin da za a biya na tura wa Malam Sagiru. Kada ki ce mata daga ina ya fito, tunda ba ta tambaya ba. Kada kuma ki nuna mata na san maganar taga. In ta ji na sani, kunyar za ta ninku, in zo hutu in tarar ta tafi gaisuwar mutuwa Haɗeja.

Takardar ofis na mayar musu ba a cike ba. Ban ji komai ba da na miƙa.

Yayanki,
Sale


Limawa, Dutse
Ƙarshen Nuwamba

Yaya Sale,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Umma tana gaishe ka, yara suna lissafin tsaraba. Malam Sagiru ya ce gaisuwar taka ta yi yawa, ko bashi kake nema. Na ce masa sanyi ne yake taɓa ka.

An yi. Kati yana hannun Goggo, ta naɗe shi a leda ta sa a cikin kwallar da take ajiye turare.

Tambayoyinka na yi su tun kafin ranar. Maganin suna da shi, in ya yanke kuma akwai kantin da suke turawa a karɓa da katin. In abu ya taso, mai kula da asibitin ne yake rubuta takarda, kuma Dutse za a kawo ta. Mujahid ya ji da kunnensa, ya karɓi lambar mutumin.

Ranar rajistar da sassafe na isa ƙauye, na tarar ta riga ta yi wanka ta yafa mayafin zuwa biki. Muka hau adaidaita zuwa Kiyawa. Mai rajistar wata yarinya ce, Malama Mu'minatu, 'yar nan yankin, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Aka duba katin ɗan ƙasa, aka ɗauki hoto. Goggo ta ƙi yin murmushi, wai ba a yi wa gwamnati dariya. Wajen ɗaukar yatsa aka sha fama, don an yi biki a maƙwabta Goggo ta sha lalle har wuyan hannu, ga kuma kanta ta lauje. Na'urar ta ƙi babban yatsa, ta ƙi manuni, sai da aka zo kan ɗan ƙaramin ta haƙura. Goggo ta ce dama shi kaɗai ne ba ya aikin komai, dole su gane juna da na'urar gwamnati.

Aka tambayi suna, ta faɗi nata da ƙarfinta, har da na Kaka, mahaifinta. Na ga yadda ta gyara zama.

Can ƙarshe Malama Mu'minatu ta ce, «Saura abu ɗaya, Baba. In wani abu ya same ki, Allah ya kiyaye, wa za a fara kira? Ina son lambar waya.»

Na buɗe baki zan ba da tawa, tunda ni ce a kusa. Sai na ji hannun Goggo a kan gwiwata.

Ta kalli bango, ta fara karantowa. Da Turanci, yadda yara suke faɗa, ziro et ziro, a hankali, kamar mai biya hadda. Matar da ba ta san alif na boko ba, wadda ko kiran waya sai an danna mata. Har ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Ni ban ma gane ta wa ce ba, don ban haddace ta kowa ba. Na ciro wayata a ƙarƙashin mayafi na duba. Taka ce, Yaya Sale. Ko lamba ɗaya ba ta kuskure ba.

Malama Mu'minatu ta ce, «Sunan mai lambar fa?»

Goggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. «Wannan kuma aikin Zaituna ne.»

Na matsa na faɗa a hankali. Yarinyar ta ce me yake a wajenta, na ce ɗanta ne na fari. Ta ɗago ta dubi Goggo, ta gane. Ta rubuta ba ta maimaita ba, da ta zo karanta mana abin da ta cike kuma ta tsallake layin. Allah ya yi wa iyayenta albarka.

A hanyar komawa na yi ta ƙoƙarin kame bakina, na kasa. Na ce, «Goggo, yaushe kika haddace?»

Ta ce tun shekarar da aka tura ka aiki Gembu. Wai ta sa Munira ta yi ta maimaita mata in suna tsinkar zogale, har ta zauna. Munirar ma ta ɗauka wasa ne.

Na ce, «To don me, tunda ba kya kiransa?»

Muna wuce gonakin bakin hanya ta amsa.

«Waya faɗuwa take yi, takarda jiƙewa take yi,» ta ce. «Ko ban kira ba, ai in san inda yake.»

Daga nan ta ce wa mai adaidaita ya rage gudu, ba gawa ya ɗauko ba.

Awon farko ranar kasuwa mai zuwa ne, ta ce ba sai na zo ba, ta san hanya. Ka zo hutu lafiya. Za ka same ta yadda ka saba, ta amsa gaisuwarka tana kallon wani wajen. Kada ka canza layin wayar nan.

Ƙanwarka,
Zaituna